Sule Ɗaya a Wata: Tarihin Asusun Ƙungiyar 'Yantattun Afirka ta Filadelfiya, 1787–1794

A ranar 12 ga Afrilu, 1787, waɗansu baƙar fata masu 'yanci suka kafa ƙungiyar taimakon juna a birnin Filadelfiya na jihar Fensilbaniya, a Amurka. Sunanta da Turanci Free African Society, wato Ƙungiyar 'Yantattun Afirka. Mutum takwas ne suka sa hannu a kan dokokinta, jagororinsu kuwa biyu ne, Absalom Jones da Richard Allen. A littattafan tarihin Ikkilisiya mun saba haɗuwa da waɗannan biyun a matsayin iyayen coci: Jones ya zama baƙar fata na farko da cocin Efiskofal ta Amurka ta naɗa firist, Allen kuma ya zama bishop na farko na cocin Metodis ta baƙar fata da aka kafa a 1816. A wannan darasi za mu bar mumbari mu buɗe littafin ma'aji. Ƙungiyar shekara bakwai kawai ta yi, amma ta bar mana lambobi, kuma lambobin sun isa mu bi lafiyar asusunta tun daga sulen farko har zuwa ranar da aikin ya fi ƙarfinsa.

Kuɗin da za mu yi lissafi da su ba baƙi ba ne a wurin dattawanmu, domin da fam da sule da kwabo aka yi ciniki a Nijeriya har zuwa 1973. Kwabo 12 sule ɗaya ne, sule 20 fam ɗaya, taro kwabo 3, nai kuma kwabo 9. Sai dai fam ɗin Fensilbaniya bai kai na Ingila daraja ba. A can sule 7 da sisi ne dala ɗaya.

Su wane ne masu zuba kuɗin

An haifi Jones cikin bauta a Delawa a 1746. Ya fara fansar matarsa kafin kansa, domin a dokar lokacin ɗa yana bin matsayin uwarsa, shi kuwa bai sami 'yanci ba sai 1784. An haifi Allen a 1760, shi ma ya fanshi kansa da gumin aikinsa, ya zo Filadelfiya a 1786 yana wa'azi da asuba a cocin Metodis ta St. George. Fensilbaniya ta yi dokar kawar da bauta sannu a hankali a 1780, saboda haka 'yantattu suna ta ƙaruwa a birnin, har sun kusa dubu biyu a 1790. Mafi yawansu 'yan ƙwadago ne, masu wanki, masu sharar bututun hayaƙi, ma'aikatan jirgin ruwa da barorin gida. Mutumin da ya fito daga bauta ba shi da gona, ba shi da gado, sau da yawa ma danginsa an sayar da su wani wuri. In ya kwanta ciwo mako biyu, tukunyar gidansa ta mutu. In ya rasu, sai a kai shi filin da ake binne matalauta da baƙi. Wannan ramin ne ƙungiyar ta zo ta cike.

Dokokin da alkawarin

Dokokin da suka amince da su a watan Mayu na 1787 gajeru ne, kuma kusan dukansu maganar kuɗi ce. Kowane ɗan ƙungiya zai ba da sule ɗaya na azurfa a wata. Ba za a fara fitar da taimako ba sai an yi shekara ana zubi. Bayan haka ɗan ƙungiya mai bukata zai karɓi sule 3 da nai a mako, wato rabin dala, in dai ba gangancinsa ne ya jefa shi cikin bukatar ba. Ba a karɓar mashayi ko mai tada hankali, wanda kuma ya lalace bayan an karɓe shi za a cire shi ba tare da an mayar masa da abin da ya zuba ba. Wanda ya yi wata uku bai biya ba, za a aika masa da mutum biyu su tuna masa. In ba shi da hujja kuma bai cika a taro na gaba ba, an sallame shi. Fashin taro ba dalili, tararsa taro ɗaya ne, wato kwabo 3. Matar ɗan ƙungiya da ya rasu za ta ci gaba da cin moriya muddin ba ta sake aure ba, kuma ba za ta biya zubi ba. Marayunsa kuma ƙungiya za ta biya musu kuɗin makaranta in ba su sami ta kyauta ba, ta kuma kai su koyon sana'a.

Wanda ya karanta waɗannan da ido ɗaya zai ce masu wa'azi ne suka tsaurara tarbiyya. Akwai wannan, amma bari mu yi lissafi. Zubin mutum ɗaya a shekara sule 12 ne. Taimakon mako ɗaya sule 3 da nai. Ke nan abin da mutum ya zuba a shekara guda bai wuce taimakon mako uku da 'yan kwanaki ba. In aka sami wanda ciwo ya kwantar shekara cur, ko gwauruwa da za a riƙe haka, kuɗinta fam 9 da sule 15 ne, wato zubin mutum 16 da ɗoriya. Ƙungiyar da ta fara da mutum takwas ba ta iya ɗaukar ko mutum ɗaya irin wannan daga kuɗin shigarta na shekara. Shi ya sa jiran shekara ɗaya ya zama dole, don a tara abin da za a dogara da shi. Shi ya sa kuma aka rufe wa mashayi ƙofa, domin shi ne ya fi saurin kwanciya ciwo, shi ne kuma ya fi saurin barin gwauruwa. Dokar da muke gani kamar rashin tausayi, ita ce ta sa alkawarin da aka yi wa gwauruwar ya zama abin da za a iya cikawa.

Akwai wata doka da ta fi ba mu mamaki. Sun zaɓi wani Bature, Joseph Clarke, ya zama magatakarda da ma'aji, suka kuma rubuta cewa duk wanda zai gaje shi dole ya fito daga cikin 'yan Kweka na Filadelfiya. 'Yan Kweka ɗarika ce ta Kirista da a wancan zamani ba ta da fastoci, suna yin sujada cikin shiru, kuma a lokacin su ne kan gaba wajen ƙin bauta, sun yi suna da gaskiya a ciniki. A ganinmu dalilan zaɓin ba su da wuyar ganewa. Banki da kotu sun fi sauraron Bature mai suna. Talaka kuma ya fi sakin jiki ya ba da sulensa in ya san mai riƙe da jakar ba ya cikin masu cin moriyarta, ba zai ranta wa kansa ba ranar da haya ta matsa shi. Abin lura shi ne, Jones da Allen, da suke da baki a cikin jama'a, ba su riƙe jakar da kansu ba.

Amma wannan tsari yana da nasa tsada. Mai riƙe da littafi yakan shigo da al'adarsa. Ba a daɗe ba taron ƙungiya ya bar gidan Allen, daga baya ya koma makarantar da 'yan Kweka suka gina wa yaran baƙar fata, aka kuma fara buɗe taro da zaman shiru irin nasu. Allen Bametodise ne har ƙashi, mai son waƙa da wa'azi da ƙarfi. Ya daina zuwa, a watan Yuni na 1789 kuma aka cire sunansa. Cikin shekara biyu ƙungiyar ta rasa ɗaya daga cikin ginshiƙanta biyu, ba a kan kuɗi ba, sai a kan abin da ya biyo kuɗin.

Shekarun ƙoshi

A 1790 ƙungiyar tana da fam 42 da sule 9 da kwabo 1 a ajiye a Bank of North America, bankin farko da aka kafa a ƙasar. W. E. B. Du Bois ya kawo wannan adadi a littafinsa The Philadelphia Negro na 1899. A dala, wajen 113 ke nan. In muka raba shi da sule 12, ya kai zubin shekara na mutum 70 da ɗoriya, abin da ya nuna cewa 'yan ƙungiya sun ƙaru sosai, ana biya, kuma abin da ke fita bai kai abin da ke shiga ba. In kuma muka auna shi da alkawarin, ya isa taimakon mako 226, wato a riƙe mutum huɗu fiye da shekara guda ko da ba a sake zuba kwabo ba. Wannan ita ce lafiyar asusu a ma'anarta ta gaskiya: ba yawan kuɗin ba, sai dai yadda suka yi daidai da abin da aka ɗauka za a yi da su. A waɗannan shekaru ƙungiyar tana ziyartar marasa lafiya, tana rubuta aure a littafi, ta kuma nemi hukumar birni ta ba ta wani yanki na maƙabartar matalauta don ta binne mutanenta da mutunci.

Gini

Daga 1791 hankalin shugabanni ya karkata zuwa gina majami'ar baƙar fata. Wulakancin da aka yi musu a St. George, inda aka nemi ɗaga Jones daga durƙuso ana cikin addu'a don ya koma wurin da aka keɓe musu, ya ƙara wa wannan niyya ƙarfi. (An daɗe ana cewa a 1787 abin ya faru, amma masana da dama yanzu sun sa shi a 1792, shekarar da aka gina benen cocin.) Likita Benjamin Rush ya taimaka wajen tsara takardar neman gudummawa, wani ɗan kasuwa Robert Ralston ya riƙe kuɗin. George Washington da Thomas Jefferson sun ba da ɗan abin da suka bayar, Granville Sharp kuma ya aiko da nasa daga Landan.

Kuɗin ba su isa ba. Gini ba irin taimakon gwauruwa ba ne da ake fitarwa sule-sule. Yana neman ɗaruruwan fam a lokaci ɗaya, kuma aljihunan da ake roƙo su ne dai waɗanda ke zuba sule a wata. Sai da wani mai cinikin filaye, John Nicholson, ya ba da babban rance kafin aiki ya tashi a 1793. Shi kansa Nicholson daga baya ya karye, ya mutu a kurkukun masu bashi a 1800, abin da ke tuna mana cewa mai ba da rance ma ba dutse ba ne. A damunar 1793 kuma jirage suka fara sauke Faransawa masu gonakin bayi da suka gudo daga tawayen San Domang, ƙasar da muke kira Haiti yau. Nan take tausayin attajiran birni ya koma kansu, gudummawar da aka sa rai za a ba majami'ar baƙar fata ta ja baya. Duk da haka an ɗora rufi, aka yi walima a ranar 22 ga Agusta, 1793. A wannan makon annoba ta riga ta shiga unguwannin bakin kogi.

Zazzaɓin shawara

Filadelfiya ce babban birnin Amurka a lokacin, da mutane wajen 50,000. Daga Agusta zuwa Nuwamba zazzaɓin shawara ya kashe wajen 5,000, wajen 20,000 kuma suka tsere, har da manyan gwamnati. Ba wanda ya san sauro ne ke yaɗa cutar. Mutane suna gudun 'yan'uwansu, gawa tana kwana a ɗaki ba mai ɗauka. Rush ya karanta wani tsohon rahoto daga Charleston da ke cewa cutar ba ta kama baƙar fata, ya gaskata, ya roƙi Jones da Allen su kawo mutanensu. Su biyun, da suka rabu a kan salon sujada, suka haɗu suka je wurin magajin gari Matthew Clarkson suka karɓi aikin. Jones da William Gray suka tsara masu jinya. Rush ya koya musu tsaga jijiya a zubar da jini, maganin da ya yi imani da shi, suka yi wa fiye da mutum 800.

Zancen Rush ba gaskiya ba ne. Baƙar fata wajen 240 suka mutu, Allen kansa ya kamu, da ƙyar ya tashi. Caesar Cranchell, ɗaya daga cikin takwas ɗin farko, ya yi jinya ya ƙi karɓar lada, kuma bai ga ƙarshen annobar ba. Wata gwauruwa matalauciya, Sarah Bass, ta yi wa gidaje da dama hidima ba ta karɓi kome ba.

A nan ya kamata mu tsaya mu ga abin da ya sauya. Asusun sule ɗaya an gina shi ne domin 'yan ƙungiya da iyalansu, mutanen da aka sani, aka tace, aka ƙidaya. Aikin annoba kuwa na birni ne gaba ɗaya, ba shi da iyaka, ba shi da lokacin jira, ba kuma wanda ya zauna ya ce ga inda kuɗin za su fito. Da farko ba su ma sa farashi ba, sun bar wa iyalan mamaci su ba da abin da suka ga dama. Amma mutanen da suka ɗauka haya don ɗaukar gawa dole a biya su, kuma aikin da kowa ke gudu ba ya araha.

Lissafin da aka buga

Da sanyi ya sauka annoba ta lafa, sai wani mai buga littattafai, Mathew Carey, ya fitar da tarihinta a watan Nuwamba. Ya yaba wa Jones da Allen da Gray da sunayensu, amma ya zargi waɗansu baƙar fata masu jinya da tsawwala farashi da satar kayan marasa lafiya. Littafin ya yi kasuwa, aka yi ta sake buga shi. A watan Janairu na 1794 Jones da Allen suka mayar da martani da nasu ɗan littafin, wanda shi ne na farko da baƙar fata suka yi wa rajistar haƙƙin mallaka a Amurka. Sun bayyana cewa iyalai masu hali ne suka yi ta ƙara wa juna farashi don su ƙwace masu jinya, sun kuma nuna cewa sata ba ta da launin fata. Amma makaminsu mafi kaifi shi ne lissafi.

Abin da suka karɓa na binne gawa da akwatuna da sauran hidima fam 233 ne da sule 10 da kwabo 4. Abin da suka kashe: akwatunan gawa fam 33, sai ladan mutum biyar, uku sun yi kwana 70 kowannensu, biyu kwana 63, a kan sule 22 da sisi a rana, wato dala 3. Ɗalibi na iya gwadawa da kansa: kwana 336 ne, kuɗinsu fam 378. Jimlar fita fam 411. Giɓin ya zama fam 177 da sule 9 da kwabo 8. Sun kuma rubuta fam 110 na bashin da suke bin mutane, suka faɗi gaskiya cewa ba su sa ran samun abin kirki daga ciki. Wannan na ƙarshe ya burge mu, domin ma'aji da yawa zai sa bashin da ba zai dawo ba a gefen dukiya don littafi ya yi kyau. Lissafin bai haɗa da kuɗin keken ɗaukar gawa ba, ko ciyar da iyalansu na kwana 70, ko ɗaruruwan matalauta da baƙi da suka binne kyauta. Magajin gari Clarkson ya ba su takardar shaida a ranar 23 ga Janairu, 1794, aka buga ta tare da littafin.

Mu auna giɓin da ma'aunin ƙungiyar. Fam 177 ya ninka ajiyar 1790 fiye da sau huɗu. Zubin shekara ne na mutum kusan 296. Abin da aka tara cikin shekara uku da haƙuri da tara da sallamar masu fashi, aikin mako goma ya ci ninkinsa huɗu. Lissafin da sunan Jones da Allen aka buga shi, su ne suka ce asarar daga aljihunsu ta fita, kuma Allen a lokacin ba ya ma cikin rajistar ƙungiya. Ko da an juye musu asusun gaba ɗaya, da bai rufe ramin ba, sai dai a bar gwauraye da marayu hannu wofi.

Ba mu ga laifinsu da suka amsa kiran ba. Wane ne zai ce a bar gawa a titi sai kwamiti ya zauna? Inda muke ganin an yi musu ba daidai ba shi ne wajen hukumar birni da masu hali, waɗanda suka ɗora wa matalautan gari aikin gari, suka biya su da takardar yabo. Inda kuma su kansu suka yi rauni shi ne karɓar aikin ba tare da an yi magana a kan wanda zai biya ma'aikata ba. Kwana ɗaya na ɗan dako ɗaya ya kusa zubin shekara biyu na ɗan ƙungiya, kuma wannan abu ne da za a iya gani tun makon farko.

Abin da ya biyo baya

A 1794 ƙungiyar ta daina aiki a siffarta ta farko. Mutanenta sun riga sun zama ikkilisiyoyi biyu. Da aka jefa ƙuri'a a kan ɗarikar da sabuwar majami'a za ta bi, mafi yawa suka zaɓi Efiskofal. Aka nemi Allen ya zama mai hidimarta ya ƙi, Jones ya karɓa. Aka buɗe cocin St. Thomas a ranar 17 ga Yuli, 1794, Bishop William White kuma ya naɗa Jones dikon a 1795. (Akwai wani William White a cikin takwas ɗin farko; suna ne ya zo ɗaya, ba shi ne bishop ɗin ba.) Allen kuwa yana da fili a mahaɗar titin Sixth da Lombard, wanda ya yi cinikinsa a madadin kwamitin gini, kwamitin ya sauya ra'ayi ya bar shi da shi. Ya sayi tsohuwar maƙera, ya jawo ta da dawakai zuwa filin, ya gyara, Bishop Francis Asbury ya keɓe ta a 1794 da sunan Bethel. Cocin tana kan wannan fili har yau.

Tsarin sule a wata bai mutu tare da ƙungiyar ba. Ikkilisiyoyin da suka fito daga cikinta sun kafa nasu ƙungiyoyin taimakon juna. Bisa ga alƙaluman da Du Bois ya kawo, a 1838 akwai irin waɗannan ƙananan ƙungiyoyi 100 a tsakanin baƙar fatar Filadelfiya, da mutum 7,448. Sun zuba dala 18,851, sun fitar da taimako na dala 14,172, suna kuma da dala 10,023 a ajiye.